Ranar da Aka Ɗauke Ni Mai Awon Fili a Gwada

Na sayar da kyamarori da yawa a garin nan na Minna, na kuma ɗauki hoton mutane iri-iri, amma akwai wata Lahadi guda da na yi a wani ƙauye kusa da Gwada wadda ko tsufa ya sa na fara manta inda na ajiye hulata, ita ba za ta fita daga kaina ba.

Shagona yana Tunga. Da hoton fasfo na fara, a gindin bishiya, da farin ƙyalle da kyamara ɗaya ta aro. A hankali na koma saye da sayar da kyamarori na hannu, ina kuma zuwa ɗaukar hoto in aikin ya yi mini. Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne kowace kyamara da wurinta. Mai dogon baki ta filin ƙwallo ce, tana jawo abin da ke nesa ya zo gabanka. Taron suna a ɗan ƙaramin falo kuwa ƙarama yake so, mai buɗaɗɗen ido, wadda za ta kwashe kowa har da wanda ya maƙale a bakin ƙofa. Na san wannan sarai. Sai dai na san wani abu kuma: mutanenmu ba hoto suke fara dubawa ba, girman kyamara suke dubawa. Ka shiga biki da ƙarama, ko ruwan leda ba mai miƙa maka. Ka shiga da jibgegiya ko babu batir a cikinta, za a tashi wani a ba ka kujera.

Wata Alhamis sai ga wani mutum ya shigo, ya ajiye makullin motarsa a kan kanta yadda zan gane irin motar. Na san shi sama-sama. Ma'aikacin gwamnati ne da ke zaune a Maitumbi, ba a daɗe da ƙara masa girma ba. Mutane sun ce tun daga lokacin har matarsa Darakta take kiransa, don haka ni ma haka zan kira shi a nan.

Ya ce mahaifiyarsa tana ƙauye, ta tsufa ƙwarai, kuma duk duniya ba ta da hoto sai na katin zaɓe, shi ma ta rufe ido a ciki. Ranar Lahadi za a yi godiyar girbi a cocinsu, dangi duk za su hallara. Ƙanwarsa za ta zo daga Legas, babbar 'yarsa kuma za ta tafi karatu waje a satin da ke biye.

"Hoto ɗaya nake so, Malam," in ji shi. "Mama a tsakiya, mu duka a kewaye da ita. Ban san ko za mu sake haɗuwa haka tana raye ba."

A wannan maganar kaɗai na ji muryarsa ta sauko ta zama ta ɗan wani. Na juya na ɗauko ƙaramar kyamarata, wadda ke shiga aljihu.

"Da wannan za mu tafi, Yallaɓai."

Ya dube ta kamar na miƙa masa ɗumamen shekaranjiya. "Haba Malam! Wannan ai ta 'yan fasfo ce. In shiga garinmu da mai hoto yana riƙe da wannan, a ce me ya same ni?" Ya nuna mai dogon bakin da ke cikin gilashi. "Waccan fa?"

"Waccan da ita ake ɗaukar mai tsaron gida daga ɗaya ƙarshen fili. In na ɗauki Mama da ita daga kusa, hancinta kawai za ka samu."

"To ka ja da baya mana. In fili ne, ba abin da ya fi shi yawa a wurinmu."

Bai tsaya nan ba. Ya hango mariƙinta mai ƙafa uku, ya ce a taho da shi. Ya ga wata riga mai aljihuna da yawa da na rataye don sayarwa, da malafa a kusa da ita, ya ce su zan sa, don a san ƙwararre ya kawo. Ya kamata in ƙi. Amma ɗan kasuwa ne ni, waccan kyamarar kuma ta kusa shekara tana kallona daga cikin gilashi. Na ce a raina in ya ga yadda mutanensa suka yi ta kallonta, wa ya sani, ƙila ya saya. Na amince. Da zan rufe shago dai hannuna ya jefa ƙaramar a aljihun wando, don ya saba.

Mun isa bayan an tashi daga coci. Gida ya cika, mata da yara cikin anko, ana ta dakan sakwara, ga doya jibge a gefen rumbu. Mama tana zaune a kan 'yar kujera, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Sannu da hanya, ɗana," ta sa aka kawo mini ruwa. A lokacin kayan aikina suna cikin but ɗin mota, ni ma ina cikin kaftanina kamar mutumin kirki.

Darakta ya sa aka jera kujerun roba a ƙofar gida, suna fuskantar gona. Ƙanwarsa ta ja mini kunne cewa kafin la'asar za su kama hanya, ba ta son yamma ta yi musu. Na cire kaftani, na sa rigar aljihuna da malafa, na saɓa mai ƙafa uku a kafaɗa.

Mutum wajen talatin ne za su shiga hoton. Kafin mai dogon baki ta kwashe wannan yawan, sai ka yi nisa sosai. Na fara ja da baya ina ƙirga taku da ƙarfi, don in san inda zan tsaya. Taku ashirin, na leƙa, kujera huɗu kawai nake gani. Na ƙara ashirin, na tsinci kaina a tsakiyar kunyoyin doya. Na kafa ƙafafun nan uku a ƙasa, na sunkuya na leƙa. Don in gane iyakar inda hoton zai tsaya, na koma na karya itace biyu, na kafa ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Na ce wa Darakta ya tsaya kusa da na dama ya ɗaga hannu. Na dawo na leƙa ina ɗaga murya: "Matsa gabas kaɗan, Yallaɓai! Ƙara! Yawwa, nan ne iyaka!"

Yau in na tuna, ni ma da na ga mutum a gonar ubana yana wannan aikin, da ba zan tambaye shi sunansa ba. Amma a ranar ina ganin kaina ƙwararre.

Abin da na fara lura da shi shi ne ƙarar taɓarya ta ɗauke. Na ɗago kai. Tsohuwar da aka ce sai an riƙe ta take tashi, ga ta nan tafe ba sanda. Ta wuce ɗanta, ta tumɓuke itacen da na kafa, ta yi jifa da shi. Ta tsaya a bakin gona ta buɗe hannuwa, ta ɗaga murya cikin yarensu. Kafin in ƙifta ido gidan ya fito kaf. 'Ya'ya, surukai, jikoki, har da wani dattijo ƙanen mijinta riƙe da fartanya, suka jeru dama da hagunta, kowa ya haɗe rai.

"Kai mai ƙafa uku!" ta kira ni da Hausa. "Wa ya ba ka gonar nan?"

"Hoto ne, Mama!"

"Haka waɗancan ma suka ce. Kallo kawai suke yi."

Daga baya na ji labarin. Tana amarya, wasu mutane masu malafa sun zo tsohuwar gonarsu da wani abu mai ƙafa uku. Suka ƙirga taku, suka leƙa, suka kafa itatuwa, suka sha ruwan da ita da kanta ta kai musu. Shekara ba ta zagayo ba aka ce ita da mijinta su tashi daga gonar. Ga shi kuma tun da aka ƙara wa Darakta girma ake raɗe-raɗin yana son ya yanki gefen gonar da ke bakin hanya ya gina gidan mai. Sai ga shi yau ya zo da baƙo mai malafa, shi da kansa ya ɗaga hannu a kan iyaka.

Darakta ya matso yana mata bayani, rabi da Turanci, ya manta da wadda yake magana. Ta juyo ta kira shi da wani suna na yarinta wanda ba zan maimaita ba. Yaran gidan suka toshe baki. Ina kallo daraktancin ya zame daga jikinsa kamar babbar rigar da ba ta mutum ba.

"In kun gama awonku ku faɗa mini," in ji ta. "Ni ɗaki zan shiga. Wanda ya ga fuskata yau kuma, to ba ni na haife shi ba."

Daga ƙofar gida direban ƙanwar Darakta ya danna odar mota. Darakta ya dube ni daga nesa, ba kallon mai makullin mota ba, kallon mutumin da abin da ya zo nema ke shirin kuɓuce masa.

Nan ne idona na mai hoto ya farka. Abin da na kwashe rabin awa ina wahala a kai, ga shi tsohuwa ta shirya mini cikin minti ɗaya. Dangi duka a jere, ita a tsakiya, dogaye a baya, yara a gaba, rumbu da tulin doya a bayansu, rana kuma a kan fuskokinsu. Ko ni ban isa in jera su haka ba.

Na naɗe mai ƙafa uku na kwantar da shi a ƙasa da kyamarar da komai. Na cire malafa da rigar aljihuna na ɗora a kai. Na taho a hankali daga ni sai 'yar shara, hannuwana a fili. Da ya rage 'yan taku tsakaninmu na durƙusa kamar zan sake gaisuwa, na zaro ƙaramar daga aljihu, na danna. Sannan na matsa na juya mata bayan kyamarar don ta ga hoton.

Ta daɗe tana kallo, ta kai shi nesa, ta dawo da shi kusa. "Wace ce wannan tsohuwa mai neman faɗa?"

"Ke ce, Kaka," in ji jikar da za ta tafi karatu.

Dariya ta fara daga wajen yara, ta bi layi har ta kai ga mai fartanya. Mama ta yi ƙoƙarin riƙe tata, ta kasa. Na yi maza na ja baya taku biyar, na danna sau uku. A na ukun Darakta ya riga ya shigo layi, tana riƙe da kunnensa.

Da ta huce ta nuna abin da ke hannuna. "Da wannan ɗan mitsitsin ka ɗauke mu duka?"

"Da shi, Mama."

"To wancan jibgegen da ka tattake mini doya da shi, na mene ne?"

"Shi ba ya ɗaukar na kusa, Mama. Sai wanda ya yi nisa."

Ta dubi ɗanta sama da ƙasa. "To ka ɗauki wannan da shi."

Na ci sakwarar da ban taɓa cin irinta ba a ranar, ita da kanta ta sa aka ƙara mini. Da yamma Darakta ya dawo da ni Minna. Babbar kyamarar kuwa bai saya ba, ban kuma yi masa tayi ba.

Mama ba ta ga girbin da ya biyo baya ba. Darakta ya sa na faɗaɗa masa hoton dariyar, ya rataye a falo. Amma da aka zo jana'iza, dangi suka ce wancan na farko za a buga a takardar addu'a, wanda ta buɗe hannuwa ta tare gona, don wannan ce uwar da suka sani. Gonar tana nan har yau, ba gidan mai a bakinta.

Na taɓa zuwa gidansa kai saƙo na tarar yana nuna wa baƙi hoton falon. "Ku dubi kyansa," yake cewa. "Da irin kyamarar filin ƙwallo aka ɗauka, ni na zaɓe ta da kaina." Ya juyo ya gan ni, muka haɗa ido, na ce, "Ina wuni, Yallaɓai." Har yanzu yana turo mini abokansa, kowa ya shigo sai ya nemi babbar.

Ni dai tun daga ranar, duk wanda ya shigo shagona ya nuna mai dogon baki, sai na zaunar da shi na tambaye shi wa zai ɗauka, a ina kuma. Wasu sukan yi fushi su tafi wani shagon, ba na riƙe su. Abin da Gwada ta koya mini shi ne ana zaɓen kyamara ne don wanda zai tsaya a gabanta, ba don 'yan kallo ba. Kuma kafin ka leƙa mutane ta cikinta, ka fara tambayar kanka me su suke gani in sun dube ka.