Murhun Da Na Ba Ɗana

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan manta ranar da na kai ɗana asibiti a duba masa ido ba.

Tela ne a wani shago a unguwar Chagoua. Ni kuwa ƙosai nake toyawa a unguwar Ridina tun rasuwar ubansa. Da fari zare ne ya daina shiga masa allura. Sai idon dama ya yi duhu daga tsakiya, kafin damina ta fita na hagu ya bi. Yana ganin gefen mutum, ba ya ganin fuska. A danginmu wannan ba baƙon abu ba ne. Kawuna ya makance da ƙuruciyarsa, yayana ma haka. Mahaifiyata ta ce kambun baka ne, maganinsa kwalli, don haka tun yaron yana jariri kullum safiya sai na sa masa. Har ya yi gemu ban fasa ba.

"Inna, ki bari mana, abokaina amarya suke ce mini."

"Su ce. Buɗe idon."

Na tafi da shi ina zaton yanar ido ce ta rufe masa gani, a cire mu dawo gida. Likitan ya haska idon da fitila ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni da Larabci ko akwai makafi a dangi. Na faɗa masa.

"Wajen ubansa fa?"

"Babu ko ɗaya."

"'Ya'yan yayan naki?"

"Garau suke gani."

Ya ajiye fitilar. Ya ce ba yana ba ce, jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa ce take mutuwa. Ya ce jikin mutum gini ne na ƙananan ƙwayoyi kamar ɗakuna, ido ba ya ganinsu. Kowane ɗaki da kayan aikinsa. Akwai inda ake ajiye tsarin halittar mutum, akwai masu kwashe shara, akwai kuma ƙananan murhu masu ƙona abinci su ba da ƙarfi. Jijiyar ido cin wuta gare ta, in murhun ya yi rauni ita ke fara mutuwa.

Ban yi boko ba, amma murhu na san shi. Na ce to a canza masa wani.

"Hajiya, ba guda ɗaya ba ne. Suna cikin ƙwayoyin jikinsa daga kai har ƙafa."

"A ina ya samo lalatattun?"

Ya ce, "Wajen uwa kaɗai ake gadonsu. Uba ba ya bayarwa."

Ɗana ya yi dariya. "Kai Inna, wasu gida suke gada." Sai ya lalubo hannuna. "Wasa nake yi."

Likitan ya ce gwajin da zai tabbatar babu shi a nan, amma yadda abin ke bin danginmu ya ishe shi. Ya ce 'ya'yan da ɗana zai haifa sun tsira. Na fara hamdala ke nan sai ya tambaya, "Kina da 'ya mace?"

Ina da ita. Tana aure a unguwar Milezi, da tsohon ciki.

Da la'asar ta zo jin labari. Ni ban iya kwana-kwana ba, na faɗa mata kamar yadda aka faɗa mini.

"Ni ma zan makance?"

"Mata ba safai ba."

Ta ɗora hannu a cikinta. "In namiji ne fa?"

"Ya ce wani ya kamu, wani ya tsallake. Sai sun girma ake sani."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Inna, da kin bar ni na haihu cikin daɗin rai."

Namiji ta haifa. Yanzu ya fara tasawa, yana zuwa makaranta, ganinsa garau. Amma in ya murtsuke ido don ƙaiƙayi kawai, sai in ga uwarsa ta saki abin da ke hannunta.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, sanin asalin cuta ba ya warkar da ita. Wani sanin ma barci kawai yake ɗauke wa mutum. Mahaifiyata ta mutu tana zargin bakin mutane, hankalinta kwance. Ni da 'yata ba mu da wanda za mu zarga, jira kawai muke yi.