Cikin da aka ce ya kwanta

Mun kama hanya daga Damaga ana idar da sallar asuba, ni da babbar ɗiyata. Tun damina cikinta ya taso, ga rama, ga saurin ƙoshi. Tsofaffi suka ce ciki ne ya kwanta, a yi haƙuri zai tashi. An jiƙa saiwoyi, an sha rubutu, shiru. Ina ganin wuyanta yana ƙara tsawo, amma 'yar fari ce, ba na iya tambayarta. Malamarmu ta yaƙi da jahilci ce ta ce mini cikin da ba ya motsi asibiti ake kai shi.

Babur ya sauke mu Maradun, muka shiga motar Talata Mafara. Direba ya cusa mu tsakanin buhunan albasa da wata 'yar Bakura mai kwandon busasshen kifi. Da na ce mun matsu, sai ya ce, "Haƙuri, Inna, albasa ma ta biya kuɗinta." Ruwan Bakolori na bin magudanai, shinkafa kore shar a tsakiyar rani. Tumatir ya yi araha har ana roƙon mutum ya saya. A tasha na dama mana fura, ta kurɓa kaɗan ta ture kwanon.

A asibiti ma'aikaciya ta fara yi mata tambayoyin al'ada, na miƙe zan ba su wuri.

Ma'aikaciyar ta ce, "Ina za ki, Inna? Zamna. In ke ba ki ji ba, wa za shi ji?"

Na zauna ina kallon ƙasa. Ranar na san ashe ta daɗe tana ganin jini, tana ɓoyewa.

Aka yi hoton ciki. Likita ta ce babu jariri, ƙari ne a gefen mahaifa, wurin da ƙwai ke fitowa. Ko na daji ne ko ba shi ba, sai an ƙara gwaji a Sakkwato. Ta ce irinsa ba ya yawan ciwo da farko, shi ya sa ake makara, kada mu jinkirta. Ɗiyata ta yi kuka, ba don ƙarin ba, don ɗan da ta daɗe tana jira. Na riƙe hannunta a gaban mutane. Ni ma aka duba mini bakin mahaifa, aka ce lafiya.

Da la'asar muka iso gida. Uwar mijinta ta tare mu a zaure.

"Ya tashi?"

"Babu ciki, Yaya. Ciwo ne, kuma an gan shi. A faɗa wa mijinta ya nemi mota."

Sai ta ce, "To, da ni za a tafi."

Abin da na koya, 'yan uwana mata: haƙuri yana da kyau, kunya ma haka, amma da na ci gaba da riƙe su, da har yanzu muna zaune muna jiran ranar suna.