Allon da Aka Sa wa Albarka

Yayana mai gyaran agogo ne a unguwar Nima, a wani ɗan shago bakin babbar kwata. Mutum ne da ba ya barin ƙarfe ya huta. Ya taɓa haɗa allura da gilashin ƙara girma, in ya ja ta a kan ƙarfe sai ta nuna kaushin da ido ba ya gani. Makanikan unguwar Alajo suka leƙa, suka ce yatsansu ya ishe su. Ni ma dariya na yi, don tuwo nake sayarwa, kaushin ƙarfe bai dame ni ba.

Abu na biyu kuwa, ko makaho ya shafa ya san na kirki ne. Allon talla ne na bakin filin ƙwallo, mai sanduna masu fuska uku. Sarƙar keke ke juya su, yanzu ka ga tallan sabulu, an jima na madara. A farkon shekarun casa'in ne. Wani malamin makaranta ya ce masa akwai ofishin da ake rajistar ƙirƙira, in ya yi, babu mai kwaikwaya sai da izininsa. Burinsa ke nan, a san cewa kansa ne ya haifi abin.

Sai innarmu ta ce atafau. A gidanmu ko sabuwar tukunya ba ta hawa murhu sai an yi mata addu'a.

"Kai za ka kai ma baƙi kafin dattijai su sa albarka? Ba a gidana ba."

Ranar Juma'a aka ɗauki allon zuwa wani filin ƙwallo a unguwar Maamobi. Liman ya yi addu'a, aka raba goro, samari suka buga wasa, allo yana ta juyi ana tafi. 'Yan ƙwallo suka roƙa a bar musu shi, Yaya kuwa ba ya iya cewa a'a. Allon ya shekara a wurin, shi kuwa Yaya yana fama da zanen da ofis ke bukata.

Ni na raka shi ofishin, ya sha babbar riga. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya daɗe yana duba zanen, sannan ya tambaya ko wani ya taɓa ganin abin.

"Duk Maamobi!" in ji Yaya, bakinsa har kunne.

Mutumin ya ajiye alƙalami. Ya ce doka abin da ba a bayyana ba take karewa, wanda ya shekara a idon jama'a ya zama na kowa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban san wanda zan yi wa fushin ba.

Ni da Yaya muka hau mota zuwa gida. Da muka sauka ya ce, "Kar ki gaya ma Inna." Ban faɗa ba, ta rasu tana jiran takardar rajistar.

Ba a jima ba irin allon ya bayyana a wasu filaye, da fenti mai kyau. Yaya bai daina ƙera abubuwa ba, sai dai ya sa wa ɗakinsa kwaɗo. In na tambaya me yake yi, sai ya ce, "Ba komai, ƙanwata."

Bayan rasuwarsa muka fasa kwaɗon. Muka tarar da wata na'ura lulluɓe da zane, an gama ta tsaf, har da mai a haƙoranta. Na juya hannun, komai ya motsa sumul. Muka kira makanikai da masu gyaran rediyo, kowa ya juya, ya girgiza kai. Babu wanda ya san aikin me take yi.