Gidan Gwaggo ya fito fayau

Shekarar da na gama karatun kwamfuta, wata ƙungiyar manoma a Rufa'a ta ɗauke ni aiki. Suna da manhaja mai ɗauke da sunayen masu hawasha, wato gonar da ake ba mutum a filin ban-ruwa, da mutanen gidajensu. Babban ofis ya ce a aiko masa da komai a fayil na XML kafin Alhamis. Ya ƙara da cewa gidan da aka ga babu kowa a cikinsa, za a ba wani hawasharsa.

XML ba wani abin tsoro ba ne. Kamar jeren kwalla yake, ƙarama cikin babba: ƙauye ya buɗe, gida a cikinsa, mutum a cikin gida, sannan kowa ya rufe. A manhajar kuwa kowane mutum abu ne mai zaman kansa, da igiyoyi da suka ɗaure shi da uba, da mata, da 'yan'uwa. Aikina in kwashe waɗannan in jera su cikin kwalla.

Na yi gwajin farko da ƙauyenmu, don na san kowa. Kwamfuta ta kama nishi, fayil yana ta kumbura har ta sandare. Da na bi sawu sai dariya ta kama ni. Auren zumunci ne. Manhaja ta shiga wurin miji, ta bi igiya zuwa matarsa, daga ita zuwa ubanta, daga shi zuwa ɗan ƙanensa, wanda shi ne mijin nan dai. Haka ta yi ta zagaye. Wanda ya tsara ta bai taɓa zama a garinmu ba, inda in ka taka ƙafar mutum ɗaya sai rabin gari ya yi ƙara.

Na yi gyara cikin gadara: duk wanda aka rubuta sau ɗaya, kada a sake rubuta shi. Fayil ya fito tsaf. Har shayi na saya wa kaina.

Ranar Talata ina dubawa sai na iso gidan Gwaggo, yayar mahaifina. Alamar gidan a fayil ta buɗe, ta rufe, babu kowa a tsakani. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma da aka yaye ni aka kai mata ni riƙo. Mijinta ya rasu ya bar mata hawasha guda, da ita ta ciyar da ni har jami'a. Yanzu ga ni da hannuna na shafe ta daga gidanta.

Laifin gyarana ne. Gidan Baba ya riga nata a jerin lamba. Manhaja ta shiga can, ta bi igiyar jini ta rubuta Gwaggo a matsayin yaya, ta rubuta ni a matsayin 'ya. Da ta iso gidanmu na gaskiya sai ta ga an riga an rubuta mu, ta wuce abinta. Na duba sauran ƙauyuka, na ga gidajen da suka fito fayau duk irin nata ne, na zawarawa da masu riƙo.

Shugaban ofishinmu ya leƙo ya ce, "Yā bitti, 'yata, ki cike su da hannu, halas, shi ke nan." Na ce ba zan yi ba. In na cike wanda na sani, wa zai cike wanda ban sani ba? Na gwada rubuta mutum a gida biyu, ma'aunin da babban ofis ke tantance fayil da shi ya ƙi karɓa, wai mutum ɗaya gida ɗaya. Na juya jerin gidajen, sai na wasu suka koma fayau. Wuta ta ɗauke da azahar, na ci gaba a takarda ina gumi ina tsaki.

A takardar nan na gane inda na ɓata. Na bar manhaja tana bin jini, alhali mu gidan mutum shi ne inda ake zuba masa tuwo. Sai na raba igiyoyin biyu. Mutum zai fito cikakke a gidan da yake ci, a gidan jininsa kuwa lambarsa kawai za a sa, mai nuna inda yake. Zagayen ya mutu, gidajen suka cika. Saura 'yan riƙo, da dole a tambayi iyayensu kafin a mayar da sunayensu gidajen da ake riƙon su.

Laraba na hau mota zuwa ƙauye, na bi su gida gida. Na bar namu ƙarshe don nauyinsa nake ji. Na sami Baba bakin tur'a, inda ruwa ke shiga gonarsa. Bai taɓa kiran sunana ba saboda kunyar 'yar fari, ni ma ban saba doguwar magana da shi ba. Na durƙusa na ce, "Baba, zan cire sunana daga gidanka in mayar gidan Gwaggo. In ba haka ba, ranar da babu ita gidan zai fito fayau, hawasharta ta tafi."

Ya ci gaba da gyara kunya da fartanya. Ya ce, "Ran da munka kai ki, har da tabarmarki munka kai. Mi ya rage da za ki cire?"

Na ce lamba kawai za ta rage a ƙarƙashin sunansa.

Sai ya tsaya. "Lambar ga, tana nuna ke tawa ce?"

Na ce tana nunawa.

"To rubuta mini ita."

Na yago gefen takarda na rubuta. Ya ninke ta sau biyu, ya cire hularsa ya sa a ciki, ya mayar. Ranar Alhamis fayil ya tafi da mutum biyu a gidan Gwaggo, hawasharta kuma ta zauna a hannunta. Bayan shekaru, da Baba ya rasu, ni aka ba hularsa in wanke. Takardar tana nan a cikin naɗin, ta yi laushi da gumi.