Ranar da Aka Fasa Rudun Baba

Maƙwabcinmu ne ya jawo sojoji suka fasa rudun babana, kuma dalilin haka na bar makaranta ina aji biyu na sakandare a Jega. Na faɗa maka tun farko don kada ka ɗauka yabon da zan yi na wanda bai sha wuya ba ne.

Lokacin muna jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba. Soja ya ƙwace mulki, Janar ɗin nan da ba ya dariya. Har gobe ina alfahari da na ga zamaninsa da idona. Wata ran kasuwar Jega na ga alhaji mai manyan motoci tsaye a layin sabulu bayan wata tsohuwar Bafillatana, ga Ibo mai kayan keke, ga Bayarabe tela, ga Baba. Layi ɗaya, bulala ɗaya. Baba ya dawo gida bakinsa bai rufuwa, ya ce yau ya yarda ƙasar nan guda ce. Ya samo hoton Janar ya manna a zaure.

In ba ka san rudu ba, rumfa ce ta itace da kara, ɗage da ƙasa, da rufin ciyawa don iska ta ratsa albasa. A garinmu Aliero, bayan an cire albasa da bazara, Baba kan zauna ya riƙa danna wuyan kowace da babban yatsa. Masu taurin nan su yake warewa na iri. Ba a ci, ba a sayarwa, sai bayan damina a dasa su yi fure. Ko Inna ba ta isa ta ɗauki ɗaya ta sa a miya ba.

Sai gwamnati ta ce mai ɓoye abinci maƙiyin ƙasa ne. Aka sa maƙwabcinmu cikin kwamitin ɗa'a, mutumin da muke iyakar gona da shi, muke ce masa Baffa. Da hantsi ya iso da soja huɗu, babu manomi cikinsu.

Baba ya ce, "Samari, wagga ba ta ci ba ce, iri ne."

Sajan ɗinsu ya juya ya tambayi Baffa. Baffa ya dubi ƙasa ya ce, "Ɓoyo ne, ranka shi daɗe."

Suka fasa rudun, suka sa Baba tsallen kwaɗo a gabanmu, da furfurarsa. Albasar kuma aka zube bakin hanya aka sayar wa masu wucewa. Shekarar ba mu da iri. Baba ya koma ƙwadago gonakin mutane, ni kuwa na ɗauko akwatina na dawo gida.

Har ya rasu bai cire hoton ba. Yakan ce, "Bai san da ni ba. Da ya sani da bai bari ba." Ni ban yarda da shi duka ba. Wanda ya raba wa yara bulala ya san bayan wani za ta sauka. Amma dubi yau: babu layi, kowa na kiran yarensa, hanyar Maiyama ma sai da addu'a. In an ce Janar namiji ne, nakan ce haka ne. Sai dai na san gwiwar wa ta biya.

Bara, bayan sallar Juma'a, na iske Baffa ƙofar masallaci, ya tsufa tukuf, yana gaya wa samari su suka gyara ƙasa a zamanin soja. Da ya gan ni sai ya sassauta murya.

"Ɗana, lokaci ne. Umarni ne daga sama."

Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Baffa, Janar bai taɓa noma albasa ba, Sajan ma haka. Su na bar su da Allah. Kai kuwa an tambaye ka, ka kuma san iri ne. Kalma ɗaya aka nema bakinka. Ka ci gaba da yabon Janar, ni ma ina yi. Amma in ka zo ga wanda ya gyara ƙasa, kada ka ce mu."