Shekarar da Mama ta bar lambunta ya huta

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na biyu, na yi haya a wani tsohon gida a unguwar Glenwood da ke garin Greensboro, ni da abokina. Duk wanda ya san ni ya san ba na iya yanke magana. Ko tambaya ta aka yi ko na ƙoshi, sai in ce "kusan haka ne." Abokina har suna ya laƙaba mini: Malam Wataƙila.

Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce Bayahudiya, mijinta ya rasu, ita kaɗai ce a gida. Mama nake ce mata. Da farko dariya abin yake ba ta, daga baya ta saba. Tana da lambu a bayan gida, tsaf-tsaf, ko ciyawa ɗaya ba ka gani, ga bishiyar ɓaure a bakin shinge. Ita ta yanka mini gefe guda na shuka alayyafo da kuɓewa, don na gaji da daskararren ganyen da ake sayarwa a shagunan titin Gate City Boulevard.

Wata rana da zafi ya fara ja da baya, ta ce mini, "In ka cire kuɓewarka ta bana, kada ka ƙara shuka komai. Ƙasar nan hutu za ta yi."

Na ɗauka wani laifi na yi. Har na fara ba da haƙuri ban san na mene ne ba. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce su ma wata suke bi a lissafinsu, sai dai a wasu shekarun sukan ƙara wata guda don kada bukukuwansu su kauce wa lokacin shuka da girbi, kuma sabuwar shekararsu da kaka take kamawa. Ta ce a cikin Attaura an yi umarni a noma ƙasa shekara shida, ta bakwai a ƙyale ta, kuma wadda za ta kama yanzu ita ce ta bakwai. Ba shuka, ba datse reshe. Abin da ya tsiro da kansa na kowa ne, mai gida da baƙo da matalauci har dabba. In aka yi bakwai sau bakwai kuwa, a shekara ta hamsin kowa ya koma kan ƙasar da ya gada.

"Malamanmu sun ce hukuncin na can ƙasar kakanninmu ne, ba na bayan gida a Greensboro ba," in ji ta. "Amma mijina yana son abin, ni ma ina so."

Abin bai zame mini baƙo ba, don mahaifina ma yakan bar gona ta zama saura in ta gaji. Duk da haka sai da na je laburare na duba. Ba wai ban yarda da ita ba, hali ne kawai. Kuma yadda ta faɗa haka na tarar.

Da ɗumi ya dawo, lambun ya zama daji. Alayyafona ya tsiro da kansa har ya kai ƙugu. Mama ta tokare ƙofar shinge da bulo, ɗalibai masu wucewa a keke suna tsayawa su tsinki ɓaure.

A nan ne ɗanta ya zo daga wata jiha. Ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, fuskarsa duk damuwa. Ya ce ya ga lambun, ya ga baƙi suna shiga gidan uwarsa, ya tambaye ta, ta ce wai ƙasa hutu take yi. Yana tsoron mantuwar tsufa ce ta kama ta, har ya samo mata gurbi a gidan kula da tsofaffi kusa da shi.

"Kai ne kake ganin ta kullum," ya ce. "In ka lura da abin da nake tsoro, ka faɗa mini, in tafi da ita."

Abokina ya matso ya raɗa mini da Hausa, "To Malam, yau ma wataƙila ce?"

Wallahi na fara. Na ce, "To, ni dai ba likita ba ne, kuma ba zan iya cewa..." Sai na hango Mama tsaye a bakin ƙofarta tana kallon mu. Nan na gane in na ƙarasa yadda na saba, da bakina za a fitar da ita daga gidanta.

Na ce, "A'a. Lafiyarta lau. Zo ka gani."

Na ja shi muka zagaya. Na gaya masa tun kafin ciyawa ɗaya ta fito ta sanar da ni za ta yi haka, ta faɗi lokacin farawa da lokacin gamawa, kuma na bincika na tarar lissafinta daidai ne. Sannan na nuna masa ƙasa. A tsakiyar dajin nan akwai 'yar hanya daga ƙofar shinge zuwa gindin ɓauren, a share tas.

"Kullum da safe take share ta," na ce, "don kada masu tsinka su yi tuntuɓe. Wadda ta manta da lambunta ba ta share wa baƙi hanya."

Ya tsaya yana kallon hanyar. Can ya ce akwai shekarar da mahaifinsa ya bar lambun haka, shi kuwa ya ɗauka ciwon baya ne ya hana shi.

Mama ta ce daga bayanmu, "Bayan ubanka ya fi naka ƙarfi." Ya yi dariya, ya share ido, ya tsinki ɓaure ɗaya ya ci.

Bai tafi da ita ba. Abokina ya yi ta shela a masallaci cewa ya ji ni na ce "a'a" ba tare da "amma" ba, mutane suna yi mini murna kamar na gama digiri.

Har yanzu ina yawan taka-tsantsan, ba zan ce na canza gaba ɗaya ba. Amma a da ina ɗauka in ban yanke magana ba, ban cutar da kowa ba. Ranar na ga ashe ba haka ba ne.

Da shekarar ta cika, Mama ta miƙo mini fartanya ta kan shinge, ta ce in fara da gefena. Na tambaye ta cikin wasa ko za mu jira ta hamsin, wadda kowa ke komawa gidansa.

Ta ce, "Kai ka jira. Ni ina nawa."