Katin Hoto da Atamfar Anko

Bayan da soja suka koma bariki, ankon siyasa ya zama babbar kasuwa a Kantin Kwari, kasuwar atamfa ta Kano. Kawuna yana da shago a can, ni kuma na gama jami'a ina zaune, sai ya ɗora ni a kan kwamfutarsa. Labarin ƙasa na karanta, amma a wajen Kawu duk mai digiri ya san kwamfuta. Na so in yi masa bayani, sai dai ban tabbata zai saurara ba.

Tsohuwar kwamfuta ce, mai ƙara kamar injin markaɗe. Masu saƙa suna aiko masa da zanen sababbin atamfofi a faifai, ita kuwa sai ta daskare kafin hoto ya buɗe. Ga shi wata Hajiya, shugabar mata ta wata jam'iyya, ta ce za ta zo ta zaɓi anko. Kawu ya ce in cinikin nan ya kuɓuce, da ni da kwamfutar a kwandon shara za mu kwana.

Na tafi Sabon Gari wajen wani Alhaji Bayarabe, haifaffen Fagge, mai sayar da kayan kwamfuta na hannu. Ya ce katin hoto zan canza, wato ɓangaren cikin kwamfuta da ke fitar da hoto a allo.

"Zai yi kuwa, Alhaji?"

"Zai yi."

"To, in bai yi ba fa?"

"Malam, kati za ka saya ko aure za ka nema?"

Na sayi katin, na dawo na kwance akwatin kwamfutar. Na taɓa karantawa cewa lantarkin jikin mutum yana ƙona irin waɗannan kaya, don haka na cire takalmi da agogo, na riƙe ƙarfen ƙofa na ɗan lokaci, maƙwabta suna kallona. Katin ya shiga raminsa lafiya. Saura direba, wato 'yar manhajar da ke koya wa kwamfuta aiki da sabon kati. Na goge tsohon, kamar yadda ya dace, ina cikin karanta gargaɗin sabon layi-layi sai ga Hajiya.

In babu direba, launuka kaɗan kwamfuta take iya nunawa. Atamfar farko ta fito da wani kore mai tsawa, da ɗigo-ɗigon ja kamar ƙyanda.

"Kai, wannan ta yi!" in ji Hajiya. "Yaro, haka kalarta take?"

Na ce, "Eh to, kusan haka, amma mai yiwuwa ba haka ba ne sosai."

A Kwari ba a yanke hukuncin launi a cikin shago, sai an fita da yadi rana. Kawu ya ce a fitar da ita. Na fara cewa ina ganin allo ba kamar yadi ba ne, amma tuni ya kama gefe ɗaya. Muka ja waya, muka ajiye allon a bakin ƙofa. Rana ta haske gilashin, ba a ganin komai sai fuskokinmu uku.

Muka mayar da shi ciki. Na roƙi a ba ni ɗan lokaci, na sa direban, na kashe na kunna. Hoto ya fito tar, atamfa mai ruwan ganye a natse, kyakkyawa. Ban taɓa jin alfahari irin na lokacin ba.

Hajiya ta yamutsa fuska. "Wannan ai ta zaman makoki ce. Wa zai hango mu a filin taro? Dawo min da ta ɗazu."

"Hajiya, ta ɗazun, a iya fahimtata, babu ita. Wato kuskuren..."

"Da idona na gan ta, ka ce babu?"

Ta ɗauki jakarta. Kawu ya ce, "Hajiya, ɗan dakata." Ya shiga sito, ya fito da turmin wata atamfa da ta yi masa kwantai tun zamanin soja, kore mai tsawa da jajayen ɗigo. Dila-dila yake da ita, ba mai tayawa. Ya warware ta a rana.

Hajiya ta dubi Kawu ta ce, "Yauwa! Ita ce. Alhaji, ɗan nan naka karatu ya yi masa yawa."

Ta kwashe duka. Da ta tafi, Kawu ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tambaye ni a hankali ko wannan direban ana iya cire shi in baƙo ya zo.

Na ce ina jin ana iyawa, amma zan bincika.